Gajeren Oregano a Tukunya: Yadda Reshe Ke Zama Shuka, da Yadda Yawan Ruwa Ke Kashe Ta

A watan Agustan shekarar da na fara digiri na biyu a Zariya, wata abokiyar karatuna da ke zaune a Jos ta kawo mini tsarabar rassa shida na oregano, naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Na dasa su a yashi, cikin mako uku biyar suka yi saiwa. Murna kamar me. Na samo bokitin fenti na huda masa rami ɗaya, na cika shi da baƙar ƙasar bayan ɗaki, na zuba taki, na mayar da su ciki na ajiye a tsakar gida. Kullum safe da yamma ina ba su ruwa, ga kuma na sama yana sauka. Kwana goma sha biyu suka yi. Ganyen ƙasa ya fara zama rawaya, kan rassan ya langaɓe kamar masu jin ƙishirwa, ni kuma da na ga haka sai na ƙara ruwa. Ranar da na tuge ɗaya, na tarar saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari irin na kwata. Ni da nake karanta ilimin tsirrai, ni na kashe su da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya.

Abin da na koya daga wannan asarar shi ne nake so in bayyana maka, mai karatu. Reshen da aka yanka don dashe yana rayuwa iri biyu. Kafin ya yi saiwa, bushewa ce babbar abokiyar gabarsa. Da ya yi saiwa, abin ya juya, yawan ruwa ne zai kashe shi. Wanda ya gane dalilin haka ba sai ya haddace dokoki ba, shukar da kanta za ta riƙa gaya masa abin da take so.

Wace shuka ce oregano?

In ka taɓa cin fiza, ko ka sayi ɗan kwalban busasshen ganye a kantin zamani kusa da kori da tayim, to ka haɗu da shi. Masana suna kiransa Origanum vulgare, sunan da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya tabbatar masa a 1753. Danginsu ɗaya da na'ana'a da ɗoɗɗoya da tayim. Ka murza karan na'ana'a tsakanin yatsunka, za ka ji yana da kusurwa huɗu, ganyen kuma bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna. Haka oregano yake, wannan ce alamar gidansu.

Asalinsa ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum ne da yammacin Asiya: Girka, Italiya, Turkiyya da maƙwabtansu. A can, a gangaren duwatsu yake fitowa, cikin ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa. Ga abin da ya kamata ka riƙe: a waɗannan ƙasashe ruwan sama da sanyi suke zuwa tare, lokacin zafi kuma ƙasa a bushe take ƙamas. Birnin Atina na samun ruwa kimanin milimita 400 a shekara, akasarinsa tsakanin Oktoba da Maris, Yuli da Agusta kuwa sai dai yayyafi. Mu nan akasin haka ne, ruwanmu da ɗumi suke haɗuwa. A Kano watan Agusta kaɗai kan zubar da fiye da rabin abin da Atina ke samu a shekara guda. Ka ga ke nan baƙo ne wanda bai saba da jiƙa cikin zafi ba.

Oregano na gama-gari kan kai santimita 60 zuwa 80, yana miƙewa yana faɗuwa gefe. Gajeren kuwa, wanda masu lambu suka zaɓo suka raɗa wa suna Compactum, tsayinsa bai cika wuce santimita 15 ba. Yana yin dunƙule kamar an kifa ƙwarya, gaɓoɓinsa kusa da juna, ganye a cike. Wannan ya sa ya dace da tukunya, da baranda, da gidan haya inda babu fili.

Hattara da abu ɗaya wajen saye. Akwai wata shuka mai manyan ganye masu kauri da gashi-gashi, cike da ruwa, wadda masu sayar da furanni kan kira oregano, wasu su ce oregano na Kuba. Danginsu ɗaya, ƙamshinsu ya yi kama, ta ma fi jure zafi da damina, amma wata shuka ce daban. Na gaskiyan ganyensa ƙanana ne, kuma ba su da kauri.

Me zai sa ka wahala da shuka alhali ga na kwalba? A 2015 Farfesa Chris Elliott na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya gwada samfuri 78 na busasshen oregano da ake sayarwa a Birtaniya da Ayalan, ya tarar 19 daga ciki an cakuɗa su da wasu ganyaye, musamman ganyen zaitun. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Wanda ka tsinka a tukunyarka kuwa ka san abin da ka sa a miya.

Me ya sa reshe, ba iri ba?

Furen oregano ƙudan zuma ke yi masa barbara, suna kwaso garin fure daga wannan shuka zuwa waccan. Saboda haka kowace ƙwayar iri tana ɗauke da gadon iyaye biyu a gauraye. Ka shuka irin gajeren oregano guda ashirin, wasu su fito dogaye, wasu gajeru, wasu da ƙamshi mai ƙarfi, wasu kamar ciyawa. Albasa ba ta yi halin ruwa ba, in ji masu iya magana.

Reshe kuwa ɓangare ne na jikin uwar. Ƙwayoyin gadon da ke cikinsa su ne na uwar sak, babu gauraye. In uwar gajera ce mai ƙamshi, abin da zai fito gajere ne mai ƙamshi. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Manomin rogo kara yake sarewa ya dasa, mai dankali yaɗo yake yanka, mai rake gaɓa yake binnewa, mai shinge kuma ya kafa reshen zogale ko cediya ya kama. Dabara ɗaya ce, sai dai reshen oregano siriri ne mai taushi, ba shi da ajiyar ruwa da abinci irin na karan rogo, don haka yana bukatar lallashi.

Tunda uwar za ka kwafa, sai ka zaɓe ta da hanci. Murza ganye ɗaya ka shinshina. A kan ganyen akwai wasu mitsi-mitsin jakunkuna da ido ba ya gani sosai, a cikinsu shukar ke tara mai mai ƙamshi. Manyan sinadaran da ke cikin man su ne kabakurol da taimol, kuma shukar na yin su ne don kare kanta daga ƙwari da ƙwayoyin cuta. Yawansu ya bambanta ƙwarai daga shuka zuwa shuka. Gajeren iri sau da yawa ƙamshinsa bai kai na oregano ɗan Girka ƙarfi ba, don haka in ka murza ba ka ji komai ba, wuce ka nemi wata uwar.

Ta yaya kara ke fitar da saiwa?

Tambayar ta daɗe tana damun masana. A 1880 Charles Darwin da ɗansa Francis sun lura cewa in aka rufe kan ɗan tsiron ciyawa da ƙaramar hula, ba ya karkata wajen haske, ko da sauran jikinsa na cikin hasken. Suka ce lalle akwai wani saƙo da ke tasowa daga kai yana gangarowa ƙasa. A 1926 wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan mai suna Frits Went ya yi nasarar tatso wannan saƙon daga kan tsiro, ya nuna cewa sinadari ne. Shi ne ake kira ogzin.

Ogzin ana yin sa ne a kan reshe da sababbin ganye, kuma hanya ɗaya yake bi: daga sama zuwa ƙasa. A shukar da ba a taɓa ba, yana gangarawa har cikin saiwa. Da ka yanke reshe, ka datse masa hanya. Sai ya taru a bakin yankan, kamar ruwan da ya iske madatsa. Taruwar nan ce ke umartar wasu ƙwayoyin halitta da ke kusa da jijiyoyin kara su sake sana'a, su fara rarrabuwa su zama 'ya'yan saiwa. Wannan ya fi saurin faruwa a gaɓa, wato inda ganye ke fitowa.

Daga nan abubuwa uku suka fito fili. Na ɗaya, a yanka dab da ƙasan gaɓa. Na biyu, kada a cire duk ganyen sama, domin su ne masana'antar ogzin da ta abinci. Na uku, kada a dasa reshe a kife, kai ƙasa gindi sama, domin ogzin ba zai juya hanyarsa don kai ba.

Hodar sa saiwa da ake sayarwa a shagunan kayan noma, akasarinta wani ɗan'uwan ogzin ne da ake kira IBA, wanda masana a Amurka suka nuna amfaninsa a 1935. Tana taimakawa ga itatuwa masu taurin kai. Oregano kam ba dole ba ne, dangin na'ana'a ba su da rowar saiwa. Zuma da kirfa da ake yayatawa a bidiyoyin intanet ba ogzin ba ne, ba su ne ke fitar da saiwar ba. Reshen ne ke aikinsa.

Aikin hannu

Ka yi yankan da sassafe, lokacin da reshe ke cike da ruwa. Ka shayar da uwar tun daren jiya. Nemi sabuwar reza ko almakashi mai kaifi, ka goge da sifirit. Dakusasshiyar wuƙa murƙushe kara take yi, kuma murƙushen nan ƙofa ce ga ruɓewa.

Zaɓi reshe kore mai lafiya wanda bai fara fure ba. Wanda ya fara fure ƙarfinsa ya tafi wajen yin iri. Kada ya zama sabo fil mai langaɓewa, kada kuma ya zama tsohon da ya yi itace. Tsayin santimita 7 zuwa 10 ya isa, kamar tsayin ɗan yatsanka manuni. A gajeren iri ko santimita 5 ka samu ya yi, tunda gaɓoɓinsa a matse suke. Zage ganyen rabin ƙasa a hankali, ka bar biyu-biyu sau biyu ko sau uku a sama.

Wurin kafewa ba ya son taki. Reshe marar saiwa ba shi da bakin cin taki, funfuna ce kawai za ta ci ta ƙoshi. Haɗa yashi mai kaushi da ka wanke da ɓuntun shinkafa da aka ƙona ya zama gawayi, rabi da rabi. In babu ɓuntu, yashin kaɗai ma yana yi. Zuba a ƙananan kofunan roba da ka huda gindinsu, ka jiƙa, ka bari ya tsane. Yi rami da tsinke, ka sa reshen har gaɓa biyu su nutse, sannan ka danna gefe. Kada ka cusa shi da ƙarfi cikin yashi, za ka kankare bakin yankan.

Ka yanka fiye da bukatarka. In shuka uku kake so, yanka shida ko takwas. Ko a ɗakin gwaji ba duka ke kamawa ba.

Wasu sun fi son sa reshen a kofin ruwa, don su riƙa ganin saiwar na fitowa. Yana yi, kuma yara na jin daɗin kallo. Sai dai ka riƙa sauya ruwan duk bayan kwana biyu, kada ganye ya nutse, kuma da saiwar ta kai santimita 2 zuwa 3 ka mayar da shi ƙasa. Saiwar da ta girma a ruwa tana da saurin karyewa, in ta daɗe a can takan sha wuya kafin ta saba da ƙasa.

Mako uku na tsere

A jikin kowane ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi, galibi a bayansa. Ta nan iskar da shuka ke haɗa abinci da ita ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita a matsayin tururi. Shuka mai saiwa tana mayar da abin da ta rasa. Reshen da aka yanke kuwa yana ta kashewa ne babu shigowa, sai ɗan abin da bakin yankan ya tsotsa. Tsere ne tsakanin bushewa da fitowar saiwa, kai kuma aikinka ka rage gudun bushewar.

Shi ya sa aka rage ganye. Shi ya sa kuma za ka rufe shi. Yanke gindin gorar ruwa ta roba ka kifa a kan kofin, ko ka rufa farar leda da ka tokare da tsinke don kada ta taɓa ganye. Iskar cikin rufin za ta cika da laima, ganye ya daina zubar da ruwa da yawa. Ajiye a wuri mai haske amma ba inda rana ke dukansa kai tsaye ba, kamar ƙarƙashin rumfa ko gefen taga. Gora a rufe cikin ranar Kano tukunyar dahuwa ce, cikin awa ɗaya za ta dafa reshen. Kullum ka buɗe na 'yan mintuna iska ta shiga. In ka ga ganye ya yi baƙi ko ya yi furfurar funfuna, cire shi nan take.

Saiwa ta fi saurin fitowa a ɗumin digiri 20 zuwa 25. A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, wannan na nufin daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, sai kuma wajen Fabrairu. A tsakiyar hunturu sanyin dare kan rage saurin aikin, iskar kuma a bushe take, don haka rufin ya zama wajibi. Maris zuwa Mayu zafi ya yi yawa. A Jos da ke tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 lamarin ya fi sauƙi kusan duk shekara.

Tsakanin mako biyu zuwa huɗu za ka ga alama. Kada ka riƙa tugewa kana leƙawa, kowace tugewa tana tsinka saiwar da ta fara. In sabon toho ya fito a sama, ko ka ɗan ja reshen a hankali ka ji ya riƙe, to an kama. Daga nan kada ka yaye rufin lokaci guda. Buɗe shi awa biyu yau, rabin yini gobe, haka har kwana huɗu ko biyar, sannan ka cire gaba ɗaya.

In kiɗa ya sauya

Nan ne na yi kuskurena. Mako uku ina kare rassan daga bushewa, sai hannuna ya saba, na ci gaba da abin da ya riga ya wuce lokacinsa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Saiwa numfashi take yi. Tana bukatar iskar oksijin don ta ƙona sukarin da ganye ke aiko mata, ta samu ƙarfin tsotso ruwa da abinci. Iskar nan tana zaune ne a 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In ruwa ya cike ramukan, iska ta fita. Oksijin kuwa tafiyarsa cikin ruwa ta fi tafiyarsa cikin iska jinkiri har kusan sau 10,000. Ga shi kuma in ƙasa ta yi ɗumi, saiwa da ƙwayoyin halittun cikin ƙasa sun fi saurin cinye ɗan abin da ya rage. Saiwar sai ta shaƙe, ta fara mutuwa. A daidai wannan lokaci wasu halittu masu kama da funfuna, irin su Pythium da Phytophthora, waɗanda 'ya'yansu iyo suke yi cikin ruwan ƙasa, su iso su ƙarasa ta.

Abin takaicin shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, don haka sai ta yi yaushi tamkar mai ƙishirwa. Mai ita ya gani ya ƙara ruwa. Saboda haka in ka ga yaushi, kafin ka ɗauko buta, tsoma yatsa cikin ƙasar. In a bushe take har gaɓa ta biyu ta yatsanka, shayar. In da danshi, ajiye butar, matsalar ba ƙishirwa ba ce.

Tukunyar ƙasa wadda ba a shafe ta da fenti ba ita ce ta fi. Jikinta na da ƙananan ƙofofi, ruwa na tsattsafowa yana bushewa, kuma bushewar na sanyaya ta, kamar yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Baƙar roba kuwa zafi take zuƙa, a ranar Afrilu gefen da ke fuskantar rana kan yi zafin da zai ƙona saiwa. In roba ce kawai gare ka, nemi fara, ko ka naɗe ta da buhu. Faɗin santimita 20 zuwa 25 da zurfi kamar haka ya ishi shuka ɗaya. Kada ka sa ɗan ƙaramin dashe a ƙatuwar tukunya, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba jiƙe take zama. Ramukan gindi su zama uku ko huɗu, masu faɗin da fensir zai shiga, kuma ka ɗora tukunyar a kan duwatsu ko bulo don ruwa ya samu mafita.

Za ka ji ana cewa a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya wuce. Gwada wannan a gida: jiƙa soson katifa, ka kwantar da shi a tafin hannunka har ya daina ɗiga. Ɗora shi a kan tsakuwa, ba zai ƙara ɗiga ba. Amma ka tsayar da shi a tsaye, sai ka ga ruwa ya sake zubowa. Haka ƙasa take. Tana riƙe ruwa a ƙasanta, kuma ruwan ba ya son tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ta cika ta batse. Tsakuwar gindi rage zurfin ƙasar kawai take yi, ta matso da jiƙaƙƙen wurin kusa da saiwa. Abin da ke aiki shi ne a gauraya abu mai kaushi cikin ƙasar gaba ɗaya: kashi biyu ƙasar jigawa, kashi ɗaya yashi mai kaushi, kashi ɗaya takin gida da ya ruɓe sarai, da ɗan dakakken gawayi. Ka guji laka da ƙasar fadama. In ka dunƙula haɗin da danshi a hannu, ya kamata ya wargaje da ka taɓa shi.

Wajen dasawa, kada ka binne shi fiye da zurfin da yake a kofi. In za ka shayar, shayar sosai har ruwa ya fito ta gindi, a gindin shukar ba a kan ganye ba, da safe. Sannan ka ƙyale shi har sai yatsa ya ce lokaci ya yi. A bazara yana iya zama kullum, a hunturu bayan kwana biyu ko uku, a damina wataƙila mako guda ba ka taɓa buta ba. In ruwan rijiyar burtsatse kake amfani da shi ka ga farin gishiri na taruwa a bakin tukunya, sau ɗaya a wata ka kwarara ruwa mai yawa ya wanke ƙasar.

Rana, damina da taki

Littattafan Turai za su ce maka oregano na son rana tun safe har yamma. Ranarsu ba irin tamu ba ce. A nan, ka ba shi ranar safe ta awa biyar zuwa shida, daga azahar kuma ya samu inuwa, musamman daga Maris zuwa Mayu. Gefen gabas na ɗaki ya fi dacewa. In inuwa ta yi yawa za ka gane: gaɓoɓi su yi nisa da juna, gajeren ya fara miƙewa, ƙamshi ya ragu.

Da damina ta kankama, ɗauke tukunyar ka kai ta ƙarƙashin baranda inda haske ke shiga amma ruwan sama ba ya dukanta. Wannan ita ce babbar fa'idar tukunya a kan shuka a ƙasa: kana iya ɗauke ta daga yanayin da ba nata ba. Kada ka cusa ta cikin sauran tukwane, bar mata sarari iska ta riƙa ratsawa.

Taki kuma kaɗan. Yawan naitirojin, irin na yuriya ko ɗanyen kashin kaji, yana sa shukar ta yi ganye manya masu ruwa-ruwa, ƙamshi ya tsinke, darɓa kuma ta samu abinci. Tafin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a saman ƙasa sau biyu a shekara ya wadatar.

Tsinka da girbi

Ogzin ɗin nan da ya fitar da saiwa yana da wani aikin. Muddin kan reshe na nan yana aiko shi, 'yan idanun toho da ke hammatar ganye barci suke yi. Da ka tsinke kan, sai biyun da ke ƙasa da shi su farka, reshe ɗaya ya zama biyu. Saboda haka da dashenka ya kai santimita 8 zuwa 10, tsinke kansa da farce. Bayan mako uku ka sake tsinke kan sababbin. Da haka ake samun dunƙulen nan mai cika tukunya.

Ka ba shi kamar wata biyu kafin girbi na sosai. Kada ka ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, kuma kada ka yanka har cikin tsohon itacen da babu ganye. Ƙamshi ya fi ƙarfi dab da fitowar fure. Shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, kamar yadda ake shanya kuka ko zogale in ana so su riƙe korensu, domin zafin rana na korar man. Busasshen oregano ya fi ɗanye ƙarfi, ƙaramin cokali ɗaya na busasshe na tsayawa a madadin uku na ɗanye. Yana shiga da tumatir, da gasasshen nama, da kifi, da ƙwai.

Kalma ɗaya kan magani, tunda na san za a tambaya. Gaskiya ne kabakurol na kashe wasu ƙwayoyin cuta a farantin ɗakin gwaji. Amma faranti daban, jikin mutum daban. Ganyen a abinci ba shi da laifi, tataccen mansa kuwa yana ƙona fata da baki in ba a sirka ba, kuma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Idan wani abu ya faru

Ganyen ƙasa rawaya, ƙasa a jiƙe, gindin kara ya yi baƙi: ruɓewa ce. Kada ka tsaya jinya, yanki rassan sama masu lafiya ka sake kafawa a sabon yashi, ka zubar da tsohuwar ƙasar. Ganye ya yi ɗige-ɗige fari da 'yar yana kamar ta gizo-gizo a bayansa, musamman a hunturu: wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu son bushewa da ƙura, wanke bayan ganyen da feshin ruwa da safe, kwana bayan kwana. Darɓa a kan toho: murje ta da yatsa ko ka fesa ruwan sabulu marar ƙarfi, sannan ka ɗauraye. Tunda ci za ka yi, ka nisanci maganin feshin gona.

Bayan shekara biyu ko uku tsakiyar shukar kan zama itace, ganye ya koma gefe. Ba ciwo ba ne, tsufa ne. Ka duba rassan da suka kwanta a kan ƙasa, za ka tarar wasu sun riga sun yi saiwa da kansu. Yanke su ka dasa. Ni dai yanzu duk ƙarshen Oktoba nakan kafa sababbi huɗu ko biyar, ko da uwar na lafiya, domin damina ɗaya mai nauyi na iya tafiya da ita. Tukwane uku da ke barandata yau duk daga reshen nan na shida suka fito, wanda ya yi jinkirin saiwa har ya tsira daga bokitin fenti, na manta da shi a kofin yashi a bakin taga.

In ka gwada, ka rubuta ranar da ka yanka, da garin da kake, da ranar da ka ga toho na farko, da guda nawa suka kama cikin nawa. Ka yi rabi a ruwa rabi a yashi ka kwatanta. Abin da ya yi a Jos ba lalle ya yi a Sakkwato ko Maraɗi ba, kuma littafin da ka rubuta da hannunka a kan barandarka zai fi kowane bayani amfani a gare ka baɗi.